Abin da Maharazu Ya Ce a Aje

Litinin, 5 ga Mayu, hantsi

Yau shekara biyu da wata huɗu rabona da Haɗeja. Na ce wa matata Mu'minat wata uku zan yi. Ta daina tambaya tun sallar bara, ni ma na daina faɗa.

Na sayi littafin nan ne don rubuta sunayen masu kawo waya caji. Ga abin da ya koma.

Rumfata tana bakin tashar Illela, hannun hagu in ka nufi boda. Caji nake yi, ina tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. A nan Maharazu Mai Gurmi ya same ni, a nan kuma ya ƙyale ni na riƙa ɗaukar muryarsa, abin da ya hana kowa a shekara talatin da ya yi yana waƙa. Waƙoƙinsa hamsin da bakwai ne a kwamfutata. Babu su a ko'ina kuma.

Kwana takwas ke nan. Lahadi ya tafi ƙauyen can bayan Tozai, Talata masu itace suka tsince shi a gefen hanya, suka kawo shi a amalanke. Ba a ga gurmin ba. A asibiti a Sakkwato sun ce ɓarin dama ya tafi, kuma akwai abu a cikin kai da ba za su iya taɓawa ba. An dawo da shi gidan yayansa Malam Nu'man mai makarantar allo, gidan da ya bari yana ɗan shekara sha tara.

Ni nake kai shi a babur duk inda za shi. Ranar kasuwa ce. Ba a rufe rumfa ranar kasuwa.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Na je dubiya. Yana kwance a ɗakin zaure, Malam yana ba shi kunu da cokali, rabi yana shiga rabi yana bin gemu. Malam ya goge masa da bakin rawaninsa. Na rubuta wannan don kada in manta in ina jin haushinsa.

Tun da aka kawo shi bai yi magana ba. Da ya gan ni sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna aljihun da nake sa waya, bakinsa ya yi ta kokawa, can ya ce: "A aje."

Sau biyu. A aje.

Malam ya ajiye kofin ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka jiya, Bahaɗeje? Ya aje. Shekara talatin ina roƙon Allah wagga rana."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ajiya yake nufi. A adana su."

"Ajiya? Mutum na bakin kabari, shi ka zancen ajiya? Ya aje waƙa kamar yadda aka aje kaya in an gaji. Ya tuba. Abin da ka cikin na'urarka, ka goge shi, kada ya bi shi can."

Muka juya gare shi mu biyun. Malam ya ce, "A goge?" Ya lumshe ido. Na ce, "A adana?" Ya lumshe ido. Ƙuda ya sauka a goshinsa, nan ma ya lumshe ido.

Kalma ɗaya ce, a bakinsu da a namu. Wanda ya bar aiki ya ajiye, wanda ya ba da amana ya ajiye. Ban taɓa lura ba sai yau.

Laraba, 7 ga Mayu, azahar

Zafi. Waya tara a caji. Ban buɗe kwamfutar ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, hantsi

Bari in rubuta yadda Maharazu yake, tun da ba wanda zai yi.

Ba ya da ubangida, ba ya da 'yan amshi, bai taɓa wasa wani mai sarauta ba. Gurminsa na duma ne, tsirkiyar wayar birkin keke. Rani da damina takalmin roba na masu fadama yake sawa. Ya haddace rabin Alƙur'ani kafin ya bar gida, kuma har ranar da ya tafi bai taɓa bari sallah ta wuce shi ba, ko Malam ya shaidi haka.

Yadda yake aiki: zai zauna kusa da mutum kwana da kwanaki, mai awo ko mai wankin gawa ko mai facin taya, ba ya cewa komai. Wata rana sai ya zo ya durƙusa gabansa ya rera masa waƙa, tasa shi kaɗai, sau ɗaya. Ya gama ya ce, "Taka ta, na ba ka." Ba zai ƙara rera ta ba har abada, ko an roƙe shi. Ladansa albasa ɗaya. In ka ba shi biyu ya mayar da ɗaya.

An taɓa kai shi wani sutudiyo a Kano. Suka ɗauka, suka sa fiyano, suka gyara muryar da na'ura, suka kunna masa. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wanga yaro ya iya. Ɗan wa na?" Aka ce kai ne. Ya ce to a ba yaron aikin, shi zai koma gida. Bai fita ba sai da suka goge a gabansa. Wannan labarin yana goyon bayan Malam, na sani. Na rubuta shi duk da haka.

Wani mai neman kujera ya taɓa sa aka ɗauko shi taro. Ya hau dandamali ya yi wa mutumin da ya jera kujerun waƙa. Ba a ƙara gayyatarsa ba.

Na tambaye shi sau ɗaya me ya sa ni ya ƙyale. Ya ce, "Kai, ɗan gabas, ko ana waƙa huskarka ba ta motsi. Irinku aka ba amana." Na ɗauka yabo ne. Yanzu ban sani ba.

Waƙoƙin shekara ashirin da takwas sun tafi da iska. Na shekara biyun nan ne kawai a hannuna.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan saukowa daga masallaci

Malam ya kira ni. Muka sake maimaita maganar Talata, kowa a inda yake. Ya ce ba ya so ɗan'uwansa yana kwance a ƙasa ana jin muryarsa a shagon aski. Na ce muryar ba zagi take yi ba. Ya ce ba ni zan amsa tambaya a kanta ba.

Yayarsu, Inna Hindatu, wadda take jinyar, tana bayan labule tana jinmu. Sai ta ce, "Ku biyu kun ishe ni. Malam, waƙar taka ta? Bahaɗeje, taka ta? Shi kanai ba tashi ba ta, ya bayas. Duk wadda yay yi, ya ce ma mai ita na ba ka. To ku tambayi masu abu."

Malam mutum ne da in hujja ta kama shi ba ya zillewa, shi ne abin da ya fi ba ni haushi a tare da shi. Ya ce ya yarda. Wanda ya ce a bar tasa, a bari. Wanda ya ce a goge, a goge. Wanda ba a samu ba, da wadda ba ta da mai ita, a goge. Ta mamaci sai in magadansa sun haɗu a baki ɗaya. Wa'adi, ganin watan Zulhajji.

Na ce zai zo ya ga gogewar? Ya ce, "Ba ni zuwa. Kai da Allah."

Da ya ce zai zo da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Na jera sunaye a bayan littafin nan.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Kasuwa. Ban rufe rumfa ba, amma na zaga. Na samu mutum shida. Huɗu sun ce a bari. Mai facin taya ya ce a tura masa a waya ma, matarsa ba ta yarda an taɓa yi masa waƙa ba.

Sahabi mai awon gero ya ja ni bayan buhuna. Tasa ita ce mai cewa:

Sahabi, mudunka ya lotsa ta gindi,
ba kai kal lotsa shi ba, na sani,
amma kai ka awo da shi.

Ya ce, "Ranar da yay yi min ita, na canza mudu. Wallahi na canza, ga shi, duba." Na duba. Ya ce, "Ina da ɗiya ukku da ba su yi aure ba. Goge ta, don girman Allah."

Na goge a gabansa. Dannawa biyu ce. Na'urar tana tambaya ko ka tabbata, sai ka ce e.

Litinin, 12 ga Mayu, azahar

Biyu a bari, biyu a goge. Ɗaya ya ce bai san wani Maharazu ba, alhali ina da muryarsa a ciki yana kuka.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Na ƙetara Ƙwanni, yau kasuwarsu. Mutum bakwai nake nema, uku na samu. Sauran wai sun yi arewa, wai sun yi yamma, wani ma an ce ba a taɓa yinsa ba.

Ummi mai fura tana inda take, ƙarƙashin bishiyar bedi. Waƙarta a kan ɗanta ce da ya tafi aiki arewa shekara shida, ba waya ba saƙo. Ta ce in kunna. Na sa mata a kunne. Ta ci gaba da dama fura tana ji, ta sallami mutum biyu, ba ta ɓata awo ba.

Ta ce, "Shina da rai?"

Na ce yana da.

"Shina cin abinci?"

Na ce kunu.

Ta ce, "A bar ta. Amma in naj ji ta bisa lasifika cikin kasuwa, ni da kai na, ko kana Haɗeja." Ta ɗaura mini fura a leda in kai masa. Ba zai iya sha ba. Na karɓa.

Alhamis, 15 ga Mayu, hantsi

Mu'minat ta kira. Ta ce rufin ɗakin baya ya fara yoyo tun kafin ruwa ya kankama. Na ce to. Ta ce muryata ta canza. Na ce layi ne.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Akwai bakwai da ba wa mutane ya yi su ba. Ta rijiyar da ta ƙafe a Gidan Katta. Ta sandar shingen boda. Ta wata bishiya da aka sare, da sauransu. Ba wanda zan tambaya. Ta bakwai ɗin ta jaki ce.

Jakin Hamidu mai ɗaukar albasa ne, sunansa Tsaya-a-duba, don ko igiya ya gani a kwance a hanya sai ya tsaya. Ya mutu bara. Hamidu ya ji labarin sharaɗin, ya biyo ni har zauren Malam da hularsa a hannu.

Malam ya ce, "Jaki ya mutu, kuma ko shina da rai ba a tambayatai."

Hamidu ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na gaje shi."

"Kai ɗanai na ko ƙanenai?"

Inna Hindatu ta yi dariya a bayan labule. Hamidu bai yi ba. Ya ce, "Shekara sha ɗaya muna tare. Mangalatai na wurina, akumarinai na wurina. Ita waƙar wa za ta bi?"

Malam ya shafa gemu. Ya ce jaki ba a gadonsa, dukiya ne, kuma abin da aka ba dukiya na mai dukiyar ne. Saboda haka waƙar ta Hamidu ce tun ranar da aka yi ta. Ya faɗa yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Hamidu ya ce a bari.

Na ce, to rijiyar Gidan Katta fa, ta jama'a ce. Malam ya ce in kawo jama'ar duka su faɗa a baki ɗaya. Ya san ba zan iya ba.

Shida na goge da na koma rumfa.

Asabar, 17 ga Mayu, azahar

Maharazu ya rame. Yatsun hannunsa na hagu suna ta motsi a kan tabarma, babban yatsa yana taɓa sauran ɗaya bayan ɗaya. Malam ya nuna mini ya ce, "Ka gani? Tasbihi shi ka yi."

Shekara biyu ina kallon hannun nan a wuyan gurmi. Na san abin da yake yi. Ko kuma na ɗauka na sani.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Kasuwa. Raguna sun fara shigowa daga ƙetare. Uku a bari.

Ba a rufe rumfa ranar kasuwa.

Talata, 20 ga Mayu, hantsi

Na mamata shida ne, don yana son yi wa tsofaffi. Gida biyu sun haɗu sun ce a bari. Gida ɗaya sun fara da waƙar suka ƙare da faɗan gona, na fito na bar su. Sauran ukun magada sun watsu.

Abin da ya rage shi ne sha ɗayan ƙauyen can. Ba zan rubuta sunansa ba. Yana son mutanen garin, masu saƙar tabarma ne, ya ce su kaɗai ne suke yin shiru har a gama waƙa. Ranar nan waƙa ta sha biyu ya tafi kai wa, ranar kuma aka kai wa garin hari. Ban ji ta ba. Ba wanda ya ji ta da zan iya tambaya.

Akwai kuma wata ɗaya da ban sa a jerin ba.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Na tayar da babur. Na kai mashigar hanyar. Na dawo.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na je.

Ƙofofi a buɗe. Kaba da aka jiƙa don saƙa ta bushe a cikin kwatarniya. Kaza ɗaya. Na yi sallama a gida huɗu, ban san dalili ba. A hanyar dawowa na wuce wurin da masu itace suka kwatanta mini. Wuri ne kawai. Ƙasa da sabara.

An ce wasunsu suna Amarawa wurin dangi. Na biya. Na samu mace ɗaya daga cikin sha ɗayan, tana zaune a gidan mutane tana tsince wake. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ce, "Akwai sunayen mutane cikinta?" Na ce akwai, mijinta da maƙwabta. Ta ce, "Goge. Ban son jin ana kiran su ba su amsawa." Na tambayi inda sauran suke. Ta ci gaba da tsince wakenta.

Juma'a, 23 ga Mayu, hantsi

Kafin in goge sha ɗayan na ɗauko sabon memori na kwafe duk abin da ya rage, har da su. Aikina ne, minti biyu. Akwai ma hanyar dawo da waɗanda na riga na goge, na san ta, na dawo da su. Hamsin da bakwai cif. Na sa shi a naɗin hulata.

Ba wanda ya gani. Malam ya ce ba zai zo ba.

Wa aka cuta? Matar Amarawa ba za ta taɓa ji ba. Wata rana wani zai zo neman Maharazu, daga jami'a ko daga rediyo, a ce masa ai an goge, don wani malami ya ji kalma ta wata fuska.

Asabar, 24 ga Mayu, azahar

Hular tana kaina.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Sahabi mai awo ya zo rumfa da kansa, da gero a ƙullin leda. Ya ce an kawo gaisuwar ɗiyarsa ta fari. Ya ce, "Tun randa kag goge abin nan nike kwana lahiya. Baƙo kake, amma kai mutum na." Ya kama hannuna da hannu biyu. Hular tana kaina, gumi yana bin ta.

Da ya tafi na cire memorin na murƙushe shi da filaya. Ba ya da ƙarfi ko kaɗan. Na sake goge na kwamfutar, ta hanyar da ba a dawowa.

Tun da na fara faɗin gaskiya: ranar nan Maharazu ya zo da sassafe da takalmansa, ya ce, "Ɗan gabas, tashi mu tai." Na ce kasuwa. Ya ce, "Kasuwa na nan wani mako." Na ce na gaji da yawon albasa ɗaya. Haka na ce. Ya dube ni, ya gyara ratayar gurmi, ya tafi neman wanda zai rage masa hanya. Memori huɗu na tura a ranar gaba ɗaya.

Da na je, wataƙila da mu biyu za a tsinta. Wataƙila da mun wuce kafin lokacin. Na juya shi ta kowane gefe, ba ya ba da amsa.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Da hantsi. Inna Hindatu ta aiko.

An yi jana'iza bayan azahar. Malam ya ja sallar, muryarsa ba ta yi rawa ba. Sahu ya fi yadda kowa ya zata: masu faci, masu awo, 'yan kabu-kabu, Hamidu, mutanen Ƙwanni da suka ƙetaro a ƙafa. Da aka watse, Inna Hindatu ta ce an cika mata bakin ƙofa da albasa, ɗaiɗai, ba ta san wa da wa ba.

Maharazu bai ƙara cewa komai ba tun ranar da ya ce a aje.

Laraba, 28 ga Mayu, da safe

An ga wata.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan azahar

An yi addu'ar uku. Na jira mutane suka ragu, na ce wa Malam saura ɗaya. Ya ce ta wa? Na ce tasa, shi Malam.

Bara da damina Maharazu ya rera ta a rumfata, ruwa yana dukan kwano. Ita kaɗai ce bai kai wa mai ita ba. Ya ce mai ita ba ya jin waƙa, a bari tukuna.

Malam ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce, "Ba ni saurare."

Na ce na sani.

"Mi yac ce ciki? Hwaɗa min da baki, ban da kiɗi, ban da jan murya."

Na faɗa masa kamar mai karanta wasiƙa. Tana cewa tun daren da babansu ya ce kada ya ƙara taka zauren, kowace Juma'a akwai akushi a kan katangar baya, a rufe da faifai, tuwo da zafinsa. Shekara talatin da uku. Baba ya rasu, akushi bai fasa ba. Tana cewa:

Yaya, ka ce ba ka san mai ci ba,
ni ko na ce ban san mai kawowa ba.
Ƙarya guda munka yi, mu biyu,
ita ta riƙe mu.

Inna Hindatu ta fita daga bayan labule, na ji takunta ya yi cikin gida.

Malam ya ce, "Koma." Na maimaita. Ya jawo tawada da alƙalamin kara da takardar da yake rubuta wa yara darasi, ya ce in bi a hankali. Ya rubuta ta da ajami, baiti baiti, har da wasali. Wuri ɗaya ya tsayar da ni ya ce ba talatin da uku ba ne, da huɗu ne, Maharazu bai taɓa iya lissafi ba. Ya rubuta yadda aka rera. Ya busa ta bushe, ya naɗe, ya sa a aljihun ƙirji.

Na ce, "Allah gafarta Malam, muryar fa?"

Ya ce, "Tawa ta?"

Na ce tasa ce.

"Goge."

Na ce a ciki akwai inda ya yi dariya, bayan baitin ƙaryar, har ya saki kiɗan. Ba a rubuta wannan.

Ya ce, "Na san dariyatai. Goge, Zakari."

Bai taɓa kiran sunana ba. Na zo da kwamfutar a jaka. Na buɗe ta a gabansa. Ta tambaya ko na tabbata.

Juma'a, 30 ga Mayu, hantsi

Na tura wa kowa tasa a waya, wanda ba ya da waya na sa masa a memori. Na faɗa wa Mu'minat a nemi mai gyaran rufi, in bai samu ba a jira ni. Ta ce a jira ka yaushe? Na ce ban sani ba tukuna.

Hamsin da bakwai ne.

Masu su sun ce a goge: tara, har da ta Malam.
Ba a samu masu su ba: tara.
Magada ba su haɗu ba: huɗu.
Ba su da mai su: shida.
Na ƙauyen can: sha ɗaya.

Sun rage sha takwas. Sha bakwai na mutane, ɗaya ta jaki.